Kuɗin horas da ma'aikatan kotu kan cin zarafi a gidan aure: wa ya kamata ya fara samu?

Yau kotu za mu leƙa, mu tsaya a teburin rajistara tun kafin a kai gaban alƙali.

A ce mace ta taso daga Basirka ko Kila ta zo kotu a Gwaram, ko daga Sundimina zuwa Birnin Kudu, fuska a kumbure. Wanda za ta fara gani rajistara ne. Shi zai saurare ta, ya rubuta ƙarar, ya ba mai kai sammaci. Abin da ya rubuta a layin farko kuwa yana iya juya shari'ar baki ɗaya.

Ga misali. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'ar Musulunci ke bi, in mace ta tabbatar mijinta na cutar da ita, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Amma in aka rubuta ƙarar a matsayin khul'i, wato ita ce kawai ta gaji da zaman, to ita za ta fanshi kanta, galibi ta mayar da sadaki. Kun ga ni? Ita aka daka, ita kuma za ta biya. Sau da yawa ba mugunta ba ce, rajistaran ne bai san tambayar da ya kamata ya yi mata ba: yaushe aka fara dukan, wa ya gani, an je asibiti?

Doka dai akwai ta. A 2015 aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, amma Abuja kaɗai ta shafa sai kowace jiha ta yi tata. Jigawa ta yi tata a 2021, zamanin Gwamna Badaru Abubakar. A dokar ta tarayya, dukan abokin aure laifi ne, korar mutum daga gida da ƙarfi laifi ne, haka yin watsi da iyali ba ci ba sha. Akwai kuma umarnin kariya, inda kotu ke hana mai cutarwa kusantar wadda ya cuta. Sai dai ma'aikacin da ya shekara ashirin yana aiki da tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda sashe na 55 nasa ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa, ba zai canja tunani don kawai an sa hannu kan takarda a Dutse ba. Sai an zaunar da shi an koya masa.

To wa ke biyan kuɗin koyarwar? Yawanci masu ba da tallafi daga waje. Shirin Justice for All, da kuɗin Birtaniya, wanda British Council ta gudanar daga 2010 zuwa 2017, ya yi aiki a Jigawa. Bayansa manyan shirye-shiryen Tarayyar Turai sun zaɓi wasu jihohin: RoLAC ya shiga Kano, Spotlight ya shiga Sakkwato, Jigawa ba ta cikin jihohin da suka mayar da hankali a kai. Yanzu kuma rijiyar na ƙafewa, domin a 2025 Amurka ta rufe USAID, Birtaniya ma ta sanar da rage kuɗin agajinta.

Ko da kuɗin ya zo, ku duba yadda ake kashe shi. Bitar kwana biyu a otal, a gayyaci manya, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto. Ba na cewa alƙalai ba sa buƙatar horo, suna buƙata. Amma mai kai sammaci fa? Shi ne zai iya tsegunta wa miji gidan da matar ta fake, yana ganin taimako ya yi don a sasanta. Ga magatakardan da ke ɗaga murya yana maimaita sirrinta a gaban jama'a. Ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara da bai nemi takardar likita daga Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ba har raunin ya warke, hujja ta tafi.

Sulhu ma abu ne da ake koyo. Alheri ne, ba musu, kuma yawancin rigingimun aure a gaban mai unguwa ko dagaci suke ƙarewa. Amma dole mai sulhun ya iya bambance saɓani kan cefane da dukan da ya kai ga karaya ko ɓarin ciki. Na biyun ba a rufe shi da "ki yi haƙuri ki koma ɗakinki".

A ganina, duk ƙungiyar da ta samo irin wannan tallafi ta kai bitar harabar kotun Gwaram da ta Birnin Kudu, a yi ta da Hausa, a dawo bayan wata shida a buɗe rajista a ga ko yadda ake rubuta ƙara ya canja. Sannan gwamnatin jiha ta sa kuɗin horon a kasafin ɓangaren shari'a duk shekara, don ana sauya wa ma'aikata wurin aiki, wanda aka horas bana baɗi yana Haɗeja ko Gumel, teburin kuma ya koma hannun sabo.