Idan fedal ɗin gita ya fara kuka

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, in an ɗaure damman gero, sai bukukuwan aure su kankama, makaɗan gita su samu abincinsu. Amma a lokacin nan ne hunturu ke taso da ƙura, ta shiga har cikin akwatin sauya muryar gita, wanda makaɗi ke takawa da ƙafa.

Fedal ɗin akwatin yana juyawa bisa ƙusa mai noti. In maiƙon wurin ya bushe, rairayi ya shiga, sai ya riƙa kuka duk takawa.

Gyaran ba shi da wuya. A fara cire wuta. A kwance noti, a goge ƙusar da tsumma mai tsabta, a shafa giris kamar ƙwayar dawa, sannan a mayar. In an ɗaure da yawa fedal zai yi tauri, in an sassauta zai faɗi da kansa.

Kada a sa man gyaɗa, domin yana danƙo, ya kama ƙura. Kada kuma giris ya taɓa ƴar na'urar da ke auna motsin fedal. In kuwa daga lasifika ƙarar ke fitowa, ciwon na cikin akwati ne, sai a kai wa mai gyaran rediyo.

Irin wannan akwati daga nesa yake zuwa, kuma da tsada. Makaɗin da ke rufe nasa da ƙyalle bayan wasa ya tsare jarinsa.