Farfesa Samuel Okoye, Ɗan Nijeriya Mai Sauraron Taurari

Manoma da masunta na bakin Kogin Kwara, irin na Dole Kaina, sun daɗe da sanin taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ake dubawa wajen lissafin damina. Amma ba kowa ya san cewa a wannan sashe na sama ne wani ɗan Nijeriya ya yi binciken da ya shiga tarihin kimiyya ba.

Wannan kuwa shi ne marigayi Farfesa Samuel Okoye, ɗan asalin Amawbia ta Jihar Anambra, wanda aka haifa cikin 1939. Bayan ya ƙare karatu a Ibadan, sai ya zarce Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya sami digirin dakta a ilmin taurari na rediyo. Masu wannan fanni dai ba da ido suke aiki ba, manyan eriyoyi suke kafawa su kama igiyoyin rediyon da taurari ke watsowa.

Cikin 1965, shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan mitsitsin wuri mai tsananin ƙarfin rediyo a cikin hayaƙin da masana ke kira Ƙaguwa, wato ɓurɓushin wani tauraro da mutanen Sin suka ga fashewarsa a 1054. A lokacin ba wanda ya san ko mene ne. Sai a 1968 aka tabbatar da cewa zuciyar mataccen tauraron ce, wadda ta dunƙule tana juyawa kamar sau 30 cikin daƙiƙa guda. Da Hewish ya karɓi lambar Nobel a 1974, ya ambaci sunan Okoye cikin jawabinsa.

Duk da wannan nasara, Okoye gida ya komo. Ya koyar a Ibadan, sa'an nan ya koma Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, inda bayan yaƙin basasa ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya cikin 1972, ya kuma yaye ɗalibai masu yawa. Ya rasu a Landan cikin 2009.

Irin da ya shuka bai mutu ba, domin a Nsukka ne hukumar sararin samaniya ta ƙasa ta kafa cibiyarta ta ilmin taurari. Saura jami'o'in Arewa su buɗe wa ɗalibansu wannan ƙofa, hukuma kuma ta saya musu kayan aiki.