Kafin Ki Biya Kuɗin Sassaƙa Sunan Jariri, Duba Ƙugiyar Haruffansa

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi suna, walimar saukar Alƙur'ani ko ɗaurin aure a Zariya ba a ga sunan mai bikin an yanko shi a katako ko roba mai sheƙi ba: wani a kan kek, wani a bango, wani a jikin kofunan da ake raba wa baƙi. Aikin na'urar leza ne, wadda ke ƙona hanyarta da siririn haske. Sai dai na'urar ba ta iya karatu ba. Abin da aka zana mata a kwamfuta shi take bi, kuma abin da ta yanke ba ya gogewa. Don haka, uwargida, kafin ki miƙa kuɗi a shagon masu zane a Kwangila, Tudun Wada ko PZ, ga abubuwan lura.

Hoto daban, zanen layi daban

Hoton da kika ɗauka da waya tarin ɗige-ɗige ne. In aka faɗaɗa shi sai ya dushe. Ana iya sassaƙa shi a saman abu, amma wajen yanka, layi na'urar ke bi. Shi ya sa masu zane ke amfani da manhajoji irin su CorelDRAW, Adobe Illustrator ko Inkscape, su adana fayil a SVG, DXF ko CDR. In kika tura hoton rubutu ta WhatsApp, sai an sake zana shi, kuma a nan kuskure ke shiga. Gara ki rubuta sunan da kanki a saƙo, harafi bayan harafi.

Ƙugiyar da ke ɓacewa

A nan Zariya aka raini rubutun boko na Hausa. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi, haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, kuma a garin nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Amma har yau yawancin salon haruffa na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ki ga Ɗahiru ya koma Dahiru, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Ki nemi mai zanen ya zaɓi salon da ke da su, ko ya zana ƙugiyar da hannu. Sannan ya mayar da rubutun ya zama zanen layi. A CorelDRAW, Ctrl da Q ake dannawa. In bai yi haka ba, kwamfutar da ke haɗe da na'urar za ta iya musanya salon da wani.

Haruffa su riƙe juna

In sunan zai tsaya da kansa a kan kek, dole a narkar da haruffan su zama jiki ɗaya, in ba haka ba na'urar za ta yanka kowane daban. Ɗigon i ma sai an manne shi. In kuma huda rubutun za a yi a jikin allo, cikin a, o, d da b zai faɗo sai an bar masa 'yar gada. Rubutun Larabci ya fi buƙatar kulawa: wasu manhajojin kan wargaza haruffan ko su jera su daga hagu. Ki sa wanda ya iya ya karanta kafin a yanka.

Lafiya uwar jiki

Robar PVC ba ta shiga leza, domin in ta ƙone tana fitar da iska mai guba. Ki tambaya a tabbatar miki akirilik ne ko katako. Siraran haruffa a roba mai kaurin milimita 3 suna saurin karyewa, gutsuren kuwa yaro mai rarrafe zai iya kai shi baki.

Kafin a kunna na'ura, ki ce a turo miki zanen ƙarshe tare da tsawonsa da faɗinsa a santimita. Ki karanta, maigida ma ya karanta. In kofuna da yawa ne, a fara gwada ɗaya ki gani. Sunan da za a raɗa wa yaro ranar bakwai shi zai amsa har tsufansa. Ya cancanci a rubuta shi daidai tun ranar farko.