Gudumar Maƙeri da Mas'alar Motsi

A shekarar 1922, sa'ad da ƙasar Rasha ke farfaɗowa daga yaƙin basasa, mahukuntanta kuma suna ɗokin ganin masana'antu sun tashi, aka kira wani matashin likita mai suna Nikolai Bernstein, haifaffen Mosko a 1896, zuwa Cibiyar Nazarin Ƙwadago wadda Aleksei Gastev ke shugabanta, domin ya binciki yadda ma'aikaci zai yi aiki da jikinsa ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. Muradin Gastev shi ne a gano bugun guduma mafi inganci, a auna shi, kana a koyar da shi ga dubban ma'aikata yadda kowa zai yi shi bai ɗaya. Amma abin da likitan ya tarar ya kai shi ga wata mas'ala da ta fi wannan muradi zurfi, wadda kuma ya ƙare rayuwarsa yana warwararta.

Dabararsa ita ce ya ɗaura ƙananan fitilu a kafaɗar maƙeri da gwiwar hannunsa da wuyan hannu da kan guduma, sa'an nan a riƙa ɗaukar hoto a jere yayin da mutumin ke dukan kurfi, har hanyar da kowace gaɓa ta bi ta fito a matsayin zanen haske da za a iya aunawa. Da ya kwatanta bugu da bugu, sai ya ga abin al'ajabi: gaɓoɓin gwanin maƙeri ba sa bin hanya ɗaya sau biyu, wannan karon kafaɗa ta zarce, wancan karon gwiwar hannu ta taƙaita, alhali kuwa kan gudumar yana sauka inda ake nufi. Da a ce ƙwaƙwalwa umarni ɗaya ta haddace tana maimaitawa, lalle da kuskuren kowace gaɓa ya taru ya kautar da gudumar. Tun da hakan bai faru ba, hujja ta tsayu cewa gaɓoɓin suna cike giɓin junansu, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe da ƙarfi shi ne maƙasudin aikin.

Daga nan ya gabatar da tambayar da har yau masana ke jingina ta ga sunansa. Hannun ɗan Adam, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, yana da fuskokin juyawa 7, ban da na yatsu, jiki kuma yana da tsokoki fiye da 600, saboda haka hanyoyin kai loma baki ba su ƙidayuwa. To, ta yaya ƙwaƙwalwa ke zaɓar ɗaya cikin ƙiftawar ido? Wahalar ma ba ta tsaya nan ba, domin umarni ɗaya ba ya haifar da motsi ɗaya: sakamakonsa ya danganta da inda gaɓar take, da saurin da take tafiya, da nauyin abin da ke hannu, da gajiyar tsoka. Don haka, a fahimtarsa, wajibi ne labari ya riƙa komawa daga tsokoki da gaɓoɓi da idanu zuwa ƙwaƙwalwa ba yankewa, ita kuma tana gwada abin da ya auku da abin da ta nufa, tana gyara tun motsin bai ƙare ba.

Wannan ne ya sa ya fassara koyo ta wata fuska dabam. Sabon shiga yakan ƙame gaɓoɓinsa, ya sandare, domin ya rage yawan abin da zai lura da shi. In ya fara gwanancewa sai ya sake su ɗaya bayan ɗaya. Gwani kuwa har nauyin guduma da lilonta yake sa su yi masa aiki. Abin da ake maimaitawa a horo, in ji shi, neman mafita ne, kullum cikin hali sabo. A ganina malaman sana'a sun daɗe da sanin haka a aikace, ko da ba su rubuta shi ba. Ya kuma lura cewa rubutun mutum yana riƙe kamanninsa ko da yatsu ya yi shi a takarda ko da dukan hannu a babban allo, alhali tsokokin da suka yi aikin ba ɗaya ba ne. Ya tsara sarrafa motsi hawa-hawa, tamkar sarkin da ke faɗin abin da yake so ya bar wa hakimai da dagatai tafsilin zartarwa, shi ya sa mai tafiya ke iya zance ba ya tunanin ƙafarsa.

Ra'ayin nan ya saɓa wa mazhabar Ivan Pavlov, mai gwajin karnuka da yawunsu, wadda ta ɗauki aikin ƙwaƙwalwa a matsayin martani ga abin da ya zo daga waje. Bernstein ya rubuta littafi yana raddi, amma da Pavlov ya rasu a 1936 sai ya dakatar da buga shi, domin bai ga dacewar jayayya da wanda ba zai iya ba da amsa ba. Masu da'awar almajirancin Pavlov ba su yi masa irin wannan ladabi ba. Littafin Bernstein na 1947 game da ginin motsi ya sami lambar yabo ta Stalin, amma a 1949 aka shiga sukarsa a jaridu, ana zarginsa da raina Pavlov da kambama masanan ƙetare, a lokacin da ake tsangwamar malamai Yahudawa irinsa. Bayan taron 1950 da ya mai da koyarwar Pavlov tamkar aƙida, aka raba shi da ɗakunan bincikensa.

Ya ci gaba da nazari a gidansa, matasan masana lissafi da na ilmin jiki suna zuwa ɗaukar karatu, har ya rasu a Janairun 1966. Fassarar ayyukansa cikin Ingilishi ta fito a 1967, daga nan masu koyar da wasanni da masu jinyar shanyewar ɓarin jiki da masu ƙera mutum-mutumi suka shiga amfani da su. Littafin da ya rubuta wa jama'a a kan gwaninta, wanda aka hana bugawa yana raye, sai a 1991 ya fito, na raddin Pavlov kuwa a 2003.