Gida 30, 'Ya'ya 24: Lissafin da ke Bayan Gardamar 'Yan Dara

Dara yaƙi ce da ake yi a zaune. Runduna biyu, ɗaya ta tsinke ɗaya ta tsakuwa, fili ɗaya da aka haƙa a ƙasa, kowa na neman rage mayaƙan ɗan'uwansa. A gari irin Uba, wanda wani ɓangarensa ke Ƙaramar Hukumar Hong ta Adamawa, wani kuma a Askira/Uba ta Borno, mutanen da ke haɗuwa ba a wuri ɗaya suka koyi wasan ba. Direban da ya taso daga Mubi zai nufi Michika da ɗan kasuwar da ya zo daga Maiduguri kowa da dokar da ya tashi da ita. Shi ya sa sau da yawa gardamar ta fi wasan tsawo. Abin da nake so in nuna shi ne, waɗannan dokoki da ake musu a kansu ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma alƙaluman wasan da kansu sun shaida haka.

Mu fara da filin. Darar da aka fi sani layi 5 ce sau 6, wato gida 30. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, jimla 24. Idan an gama jera su, gida 6 kacal ke saura babu kowa. Kashi 80 cikin ɗari na filin a cike yake tun kafin a motsa ɗa ko ɗaya. A wasan ces, 'ya'ya 32 ne a gida 64, rabin fili a buɗe. Diraf mai gida 100 ya fi kusa da dara, domin 'ya'ya 40 ne ke zaune a gida 50 da ake amfani da su, shi ma kashi 80. Sai dai a diraf rundunonin suna fuskantar juna ne daga gefe biyu, a dara kuwa a cakuɗe suke. Don haka gwanin dara ba 'ya'yansa yake kallo ba, waɗannan gidaje 6 yake kallo. Tunda ɗa ba ya tafiya a karkace, gida ɗaya maƙwabta huɗu ne iyakarsa, ke nan ko da filin ya fi kowane lokaci sakewa, motsin farko da ke gaban 'yan wasan biyu gaba ɗaya ba zai wuce 24 ba. Yawanci bai kai haka ba.

Gidajen ma ba darajarsu ɗaya ba. Ana ci ne idan mutum ya jera 'ya'ya uku a miƙe. A layuka 5 masu gida shida-shida, kowane layi na ba da hanya 4 ta jera uku, 20 ke nan. A layuka 6 masu gida biyar-biyar, kowanne na ba da 3, wato 18. Hanyoyin ci a duk filin 38 ne. Gidan kusurwa, akwai su 4, hanya 2 kaɗai ke ratsa shi, maƙwabtansa ma 2. Gidaje biyun da ke tsakiyar tsakiya kuwa, kowannensu hanya 6 ke ratsa shi. Ninki uku ke nan. Dattijon da ya yi wuf ya kafa tsinkensa na farko a cibiyar fili, ya bar yaro yana cika gefe, bai taɓa zama ya ƙirga 38 ba, amma hannunsa ya san lissafin.

Ga inda rigima ke farawa. Dokar da ta fi yaɗuwa ta ce a lokacin jera 'ya'ya ba a yin uku, sai an fara tafiya. Wani zai ce a garinsu ana iya yi, sai dai ba ya ci. Bambancin ya fi yadda ake zato. Idan an yarda ka shiga lokacin tafiya da uku a jere, motsi biyu kawai kake buƙata: ka buɗe, ka rufe, ka ci. Wanda ya hana hakan yana kare wasan ne daga ƙarewa tun bai fara ba, kuma ina tare da shi. Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Wanda ya fara jerawa shi ke samun cibiya, amma na biyu shi ke ajiye ɗa na 24, lokacin da gida 7 suka rage, ke nan shi ke yanke waɗanne 6 ne za su zauna a buɗe. Wannan ne ke daidaita ma'aunin.

Sai batun huɗu. Akwai hanya 27 ta jera huɗu a filin, kuma a dokar da aka fi bi, huɗu ba ya ci. Ɗanka na iya ɓata maka layinka. Ka ga mutum ya tura tsakuwa ya miƙa hannu zai ɗauki tsinken abokin wasa, sai a riƙe masa hannu a ce, "Malam, ƙirga mana, huɗu ne!" Nan ne dara ke cin gida. Da za a soke wannan doka, cunkusa 'ya'ya wuri ɗaya zai zama dabara, alhali yanzu wauta ce.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin 'ya'ya biyar. Ka sami biyu a layi ɗaya, biyu a layin da ke bin sa daidai ƙarƙashinsu, sai na biyar a gefensu yana hawa yana sauka. Ya hau, uku sun cika a sama. Ya sauka, uku sun cika a ƙasa. Duk motsi ci ne. Nasara a dara na zuwa ne idan abokin karawa ya rage da 'ya'ya 2, ba zai iya jera uku ba, wato sai an ci 10 cikin 12. Mai buɗewa da rufewa zai yi motsi wajen 20 kafin ya kai nan. Mai wannan tsari 10 sun ishe shi. A nan tambayar ko ana cire ɗa daga cikin ukun da ke jere take da nauyi. Ko da an ce ba a taɓa su, a kowane lokaci 3 ne cikin biyar ɗin ke da kariya, 2 na waje. Ci ɗaya tak daga ɗaya ɓangaren ya isa ya rushe ginin. Wanda ya ga an kafa masa wannan tarko, kada ya watsar da wasa, ya nemi ci guda.

Wasu na yin dara a fili mai 6 sau 7. Gida 42 ke nan, hanyoyin ci 58, kuma idan 'ya'yan na nan 24, gida 18 ne a buɗe maimakon 6. Suna ɗaya, amma wasa ne dabam.

Turawa sun sha irin wannan gardama, sai suka kai ta takarda. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya a ƙasar Jamus, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, da alƙali a tsakani. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga dokokin wasa da 'yan sojojin dalmar da yara ke wasa da su. Kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987, wanda ya kai bugu na goma na dokokinsa a 2023. A irin wannan wasa ƙwayar ludo ce ke yanke hukunci. Idan harbi na buƙatar 3 ko sama don ya samu, damar 4 ce cikin 6. Idan rauni na buƙatar 4 ko sama, rabi ne. Haɗe, ɗaya cikin uku. Dara ba ta da wannan. Babu sa'a a cikinta ko ta ƙwayar zarra, kuma hanyoyin da za a iya zaunar da 'ya'ya 12 da 12 a gida 30 sun haura tiriliyan 1.6 kafin a cire waɗanda doka ta hana. Wasa mai wannan zurfi bai kamata dokarsa ta dogara ga wanda ya fi ɗaga murya a gindin bishiya ba.

Ba littafi mai kauri ake buƙata ba. Shafi ɗaya ya isa ya amsa girman fili, uku a lokacin jerawa, matsayin huɗu, cire ɗa daga layi, da ko motsi ɗaya da ya cika layi biyu ɗa ɗaya yake ci ko biyu. Ɗaliban lissafi da na kwamfuta a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka a Mubi, su sauko Uba su zauna da dattawan da suka iya wasan, su rubuta yadda kowane ɓangare ke yi, da Hausa, tun masu sanin suna raye.