Idan fitilar inji ta kama a motar gazuwal, kada a yi saurin sauya sansa

Mota na tafe tsakanin Tasawa da Maraɗi, sai fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, a taka totur har ƙasa ta ƙi ja. Sau da yawa injin lafiya lau yake. Kwamfutar motar ce ta rage masa ƙarfi, saboda wata na'urar auna hayaƙi, wato sansa, a jikin salansa ta kai mata ƙara.

Motocin gazuwal na hannu da ake kawo mana daga Turai, tun daga dokar Euro 5 ta 2009, suna zuwa da matatar kunkunniya, wato DPF. Na zamanin Euro 6, daga 2014, da yawa suna da tankin AdBlue da sansar NOx. An ƙera su ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyan, ba don man jarka na bakin hanya da ƙurar hunturu ba.

A fara da jona kwamfutar gwaji a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P2463 na nufin matatar ta cika, P2452 kuwa na nuni ga sansar matsi. To amma lamba ba hukunci ba ce. Sansar matsi na da siraran tiyo da suka tashi daga salansa. Zafi na tsaga su, kunkunniya na toshe su. Wayoyin ƙarƙashin mota ma, rairayin hanyoyin ƙauyukan Mayahi na gurje su. Makaniken da ya san aikinsa zai shiga ƙarƙashi da tocila, ya busa tiyon, ya goge soket, ya auna wuta, kafin ya ce a aika Maraɗi ko Kano sayen sabuwa. Idan injekta na zubar da mai, ko matatar iska ta cushe, sabuwar sansa ma za ta sake kai ƙara.

Matatar DPF sai ta yi zafi kusan digiri 600 take ƙone dattinta, don haka motar da ke yawon cikin gari kawai tana buƙatar doguwar tafiya a kwalta lokaci-lokaci. AdBlue kuwa sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin 100 a tataccen ruwa. Zafin bazara na lalata shi, kuma ruwan rijiya ba ya maye gurbinsa.

Wasu na fasa matatar su rufe bakin kwamfutar motar. Fitila za ta mutu, amma hayaƙin zai koma ƙirjin masu talla a tasha da ƴan kabu-kabun da ke bin bayan motar.