'Yancin faɗin albarkacin baki a Kamaru: ina iyakarsa, wa kuma ke shata ta?

Duk wanda ya saba zaman majalisa a New Bell ko Bepanda bayan sallar isha'i ya san da wuya a tashi ba a taɓo siyasa ba, kuma ba a rasa mutum biyu a wurin. Ga saurayi mai cewa, "Ai dimokuraɗiyya ake yi, bakina nawa ne, abin da na ga dama zan faɗa." Ga kuma dattijo da zai waiga hagu da dama, ya sassauta murya ya ce, "Yaro, iya bakinka, gidan yari ga shi can kusa." Dukansu suna da hujja a dokar ƙasa. Abin da ya kamata mu sani shi ne inda dokar ta tsayar da kowannensu, da yadda ake bambance iyaka mai ma'ana da takunkumi.

Kundin tsarin mulkin Kamaru na ranar 18 ga Janairun 1996 ya ambaci wannan 'yanci a cikin gabatarwarsa, tare da 'yancin aikin jarida da na taro da na kafa ƙungiya. Kada a ce ai gabatarwa ce kawai, domin sashe na 65 ya bayyana cewa gabatarwar ɓangare ce ta kundin. Sai dai a wurin da aka ba da 'yancin, nan take aka biyo da sharaɗi: an lamunce shi ne bisa ƙa'idojin da doka ta gindaya. A kan wannan ɗan sharaɗi duk rigimar take. Kamaru ba ita kaɗai ke da shi ba. A Najeriya sashe na 39 na kundin 1999 ya ba da 'yancin, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu.

To idan doka ce ke shata iyaka, kuma gwamnati ce ke da rinjaye a majalisar da ke yin dokar, me zai hana ta shata iyakar a bakin ƙofar kowa? Wannan ya taɓa faruwa. Daga 1962, zamanin Ahmadu Ahidjo, akwai dokar hana zagon ƙasa wadda a ƙarƙashinta sukar hukuma kaɗai kan kai mutum kurkuku, kuma ba a soke ta ba sai 1990. A ranar 19 ga Disamban wannan shekara aka sa hannu kan jerin dokokin da ake kira dokokin 'yanci, ciki har da mai lamba 90/052 kan aikin yaɗa labarai. Ko mako biyu ba a yi ba jaridar Le Messager ta Duwala ta buga buɗaɗɗiyar wasiƙar Célestin Monga zuwa ga Shugaba Paul Biya, sai ga Monga da mai jaridar, Pius Njawé, a gaban kotu cikin Janairun 1991, inda aka yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Tace jarida kafin a buga ta kuwa sai a 1996 aka daina.

Ma'aunin da ake gwada doka da shi

Amsar waccan tambaya tana cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa, wadda Kamaru ta shiga a 1984. Sashe na 45 na kundin tsarin mulkinmu ya ɗora irin waɗannan yarjejeniyoyi sama da dokokin cikin gida. Sashe na 19 na yarjejeniyar ya yarda a taƙaita magana, amma sai an cika sharuɗɗa uku. Dole iyakar ta kasance a rubuce cikin doka, a fili, yadda mutum zai san abin da aka hana tun kafin ya buɗe baki. Dole ta kasance don kare mutunci da haƙƙin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a da tarbiyyarsu. Sannan dole ta zama lalura, hukuncin kuma ya yi daidai da girman ɓarnar. A wannan na ukun aka fi tuntuɓe.

An taɓa gwada Kamaru da wannan ma'auni. Marubuci Albert Mukong, wanda aka kama a 1988 bayan ya soki gwamnati a wata hira da BBC, ya kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnati ta kare kanta da cewa haɗin kan ƙasa take tsarewa. A 1994 kwamitin ya yanke cewa haɗin kan ƙasa manufa ce halastacciya, amma ba a cim mata ta hanyar toshe bakin masu kiran dimokuraɗiyya da jam'iyyu da yawa.

Iyakokin da mai hankali ba zai ƙi ba

Mu fara da ɓata suna. Sashe na 305 na kundin hukunta laifuffuka na 2016 ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, da tarar sefa 5,000 zuwa miliyan 2, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya jingina wa wani abin da zai zubar masa da mutunci alhali ba zai iya kawo hujja ba. Ka ce wane ya ci kuɗin ginin masallaci, ko mahauci wane mushe yake sayarwa a kasuwa, in ba ka da shaida, ka shiga. Akwai abubuwa biyu da mutane ba su cika sani ba. Idan zancen ya shafi rayuwar mutum ta cikin gidansa, kotu ba za ta ma ba ka damar tabbatar da gaskiyarsa ba. Idan kuma ka ɓoye sunanka ka yi ƙazafin, ninka hukuncin ake yi. Ɗalibin da ya karanta babin giba da ƙazafi a gaban malaminsa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ya riga ya san ba kowace gaskiya ce ake da izinin yayatawa ba.

Na biyu ya fi shafar mu a matsayinmu na masu masallatai da makarantu. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2018, zagin ƙabila ya cika Facebook, kuma a Oktoban 2019 aka ga inda irin wannan ke kaiwa, lokacin da aka far wa shagunan baƙi 'yan kasuwa a Sangmelima bayan kisan wani ɗan acaɓa. A ranar 24 ga Disamban 2019 aka ƙara sashe na 241-1 a kundin: wanda ya yi kalaman ƙiyayya ko ya tunzura a kai wa mutane hari saboda ƙabilarsu, zai sha ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Idan mai maganar ma'aikacin gwamnati ne, ko shugaban jam'iyya, ko na kafar yaɗa labarai, ko na ƙungiya mai zaman kanta, ko na wata cibiyar addini, ninkawa ake yi kuma babu sassauci. Limamai da masu wa'azi da shugabannin ƙungiyoyinmu su lura da wannan da kyau. A ganina wannan doka ta fi kowa amfanar mu. Bahaushe a Duwala, ko kakansa a New Bell aka haife shi, akwai ranar da wani zai kira shi baƙo, kuma rumfarsa na cikin waɗanda ake fara ƙonawa idan gari ya rikice. Dokar da ta hana a zage mu ita ce ta hana mu zagin Bamileke ko Basa ko Duwala, kuma ba yadda za a yi mu karɓi rabinta mu bar rabi.

Sai dokar intanet mai lamba 2010/012. Sashe na 78 nata ya ce wanda ya yaɗa labari ta na'ura alhali ba zai iya tabbatar da shi ba, ko ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na gaskata shi, zai iya shan wata 6 zuwa shekara 2 da tarar miliyan 5 zuwa 10. Wanda ya tura saƙo a zauren WhatsApp ya yaɗa shi, ko da ba shi ya rubuta ba, kuma cewa "yadda na samu haka na tura" ba kariya ba ce. Manufar tana da kyau, don jita-jitar satar yara ko ta guba a abinci ta sha jawo a kashe marar laifi. Amma a nan ne kuma iyaka ta fara zamewa, domin wa zai tantance ƙarya, kuma labarin wa za a bi?

Inda iyaka ta zama takunkumi

Gidan yarin New Bell shi ne shaida. A ranar 24 ga Disamban 1997 aka kama Pius Njawé saboda jaridarsa ta ruwaito cewa mai yiwuwa shugaban ƙasa ya samu matsalar zuciya lokacin wasan ƙarshe na kofin ƙwallon ƙafa na Kamaru. Aka yanke masa shekara 2 kan yaɗa labarin ƙarya, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar shekara 1, ya yi kusan wata goma a New Bell kafin a yi masa afuwa a Oktoban 1998. A ce ma labarin kuskure ne. Wa ya cutu da har sai an ɗaure mutum, alhali sanarwa ɗaya daga fadar shugaban ƙasa ta isa ta ƙaryata shi? A wannan gidan yari mawaƙi Lapiro de Mbanga ya yi zaman hukuncin shekara 3 da aka yanke masa a 2008. Tuhumar da aka rubuta ta hannu ce a tarzomar Fabrairun shekarar, amma mutane da yawa sun danganta kamun da waƙarsa ta sukar gyaran kundin tsarin mulki.

Har yau sashe na 153 na nan, mai hukunta cin zarafin shugaban ƙasa da ɗaurin shekara 1 zuwa 5, kuma a ƙarƙashinsa ba a yarda wanda ake tuhuma ya kawo hujjar cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ba. Wannan ya juya ƙa'ida a bai-bai. Wanda ya karɓi amanar jama'a shi ya kamata ya fi kowa haƙurin suka. Haka kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta nuna a Disamban 2014, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso, inda ta ce ɗaure shi saboda ɓata sunan wani mai gabatar da ƙara ya wuce kima. Ghana ta cire ɓata suna daga laifuffukan ɗauri tun 2001.

Wadda ta fi tsanani ita ce dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamban 2014, da aka yi lokacin da Boko Haram ke kashe mutane a jihar Arewa Mai Nisa. Ba mai musun cewa ƙasa na da haƙƙin hana yabon masu kisa, kuma dokar ta sa wa wannan shekara 15 zuwa 20. Matsalar ita ce kalmominta suna da faɗi, shari'ar kuma a kotun soja ake yin ta ko da farar hula ne. Masu sauraron sashen Hausa na RFI ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilinsu da aka kama a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015. A Afrilun 2017 kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara 10, ciki har da laifin ƙin kai rahoton ayyukan ta'addanci, sai a Disamban shekarar aka sake shi bayan an rage hukuncin. Ɗalibai kuma su riƙe wannan: a Nuwamban 2016 kotun soja ta yanke wa Fomusoh Ivo Feh da abokansa biyu shekara 10 kowanne, kan saƙon waya na barkwanci da suka tura wa juna, mai cewa ko Boko Haram ba ta ɗaukar wanda bai ci jarrabawa ba.

Abin da Bepanda ta gani

Magana ba a baki da takarda kaɗai take ba, fitowa kan titi ma magana ce. A ranar 23 ga Janairun 2001 aka kama samari tara a unguwar Bepanda Omnisports bisa zargin satar tukunyar gas, a zamanin rundunar musamman da aka kafa a 2000 don yaƙi da 'yan fashi a Duwala. Daga nan ba a sake ganinsu ba. Iyalansu da maƙwabta suka riƙa fitowa duk ranar Lahadi suna tambayar inda 'ya'yansu suke, jami'an tsaro na tarwatsa su, jaridu masu zaman kansu na bugawa. Wannan naci ne ya sa aka buɗe bincike har aka gurfanar da jami'ai a kotun soja a 2002, ko da yake an sallami mafi yawansu, biyu kuma aka yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Sakamakon bai share wa iyayen hawaye ba, Allah Ya ba su haƙuri. Amma da an yi shiru kamar yadda dattijon majalisa ke so, da ko shari'ar ba a yi ba.

Ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su san abin da dokar taro mai lamba 90/055 ta ce. Sanarwa ta nema, ba roƙon izini ba. Taron jama'a a wurin da kowa ke iya shiga, ana sanar da shugaban gunduma, wanda muka fi sani da sous-préfet, kwana 3 kafin ranar, jerin gwano a kan titi kuma kwana 7, shi kuma ya ba da takardar shaidar karɓa. Fitar da ta dace da al'adar gari ko ta addini an keɓe ta daga wannan sharaɗi. Idan yana ganin jerin gwanon zai kawo babbar fitina, yana iya canza masa hanya ko wuri, ko ya hana, amma hanin sai a rubuce. Wanda aka hana yana da damar kai ƙara gaban shugaban babbar kotu, wanda doka ta ba kwana 8 ya yanke hukunci. A aikace, kowa a Duwala ya san sau da yawa hanin kan zo ne ana gobe taro, da dalilin "zaman lafiya" kawai, lokacin da zuwa kotu ba zai ƙara amfanar kowa ba. Duk da haka, ku riƙa shigar da sanarwarku da wuri, ku karɓi takardar shaida ku adana, in an hana ku kuma ku nemi a ba ku hanin a rubuce, don da wannan takarda lauya zai iya tsayawa gaban alƙali.